"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne": lallashi ne ko barazana?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. A unguwarmu an yi zaman sulhu kan iyakar gona tsakanin wasu 'yan uba. Dattawa suka roƙi ƙanen ya janye ƙarar da ya kai kotu, ya amince. Ana shirin shafa fatiha sai kawunsa, don ya sanyaya masa zuciya, ya ce, "Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne." Nan take wan ya miƙe ya ce ashe da sauran magana, zama ya watse. Kawun ne ya yi suɓul da baka, ko wan ne ya cika zuciya?

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan wan, domin kawun ya ɗauko kalmar da ba ta wurin ba. Muna jera ja da baya, janyewa, haƙura, saduda da miƙa wuya kamar abu ɗaya ne, alhali kowacce da inda take tsayawa. Dubi "janye": daga "ja" ta fito, kamar yadda "ci" ta ba da "cinye", "sha" ta ba da "shanye". Wannan ƙarshen yana nuna aiki ya ƙare kakaf, ba a rage komai ba. Ja da baya kuwa bai ce an gama ba, ya faɗi inda ƙafa ta nufa ne kawai. Wanda ya haƙura ya bar abu yana da hakki a kansa, kuma da son ransa ya bari. Wanda ya saduda an fi ƙarfinsa ne bayan ya yi turjiya. Miƙa wuya ya fi duka nauyi, don ka sa kanka a hannun wani ke nan. "Fasa" kuma ta abin da ba a soma ba ce, shi ya sa ake fasa tafiya, ake fasa aure. Abin da ƙanen ya yi haƙura ne.

Mai Kiwo: Malam ya yi daidai, kuma duk wanda ya san raguna ba zai yi wannan karin magana a wurin sulhu ba. Rago in zai yi karo, da baya da baya yake tafiya, idonsa a kan abokin karawarsa, ba ya juya ƙeya ko sau ɗaya. Gwargwadon nisan da ya ja, gwargwadon ƙarfin da zai sauke a gindin ƙaho. Wanda aka ci da yaƙi ana gane shi nan take: ya kawar da kai gefe, ya juya gindi, ya ari na kare. Shi ya sa idan za a haɗa baƙin raguna biyu a turke ɗaya, musamman manya irin Balami ko Uda, a fara sa su a ɗan matsattsen wuri kwana ɗaya ko biyu, inda ba filin da za su ja baya. Sai su yi ta tunkuɗar juna har warinsu ya gauraya su saba. Ka sake su a fili ranar farko, ana iya wayar gari ƙaho ya karye ko wuya ya gurɗe, balle in ɗayan ɗan ƙaramin Yankasa ne. Kuma a hana yara tura goshin ɗan rago da hannu, da haka yake koyon tunkuyin mutane.

Lauya: Tsoron wan yana da tushe ko a shari'a. A kotunan Najeriya, ƙarar da aka janye tun ba a shiga sauraron shaidu ba galibi soke ta ake yi daga jerin shari'o'i, kuma mai ita yana iya sake shigar da ita. Wadda aka kora bayan an yi nisa ita ce ba ta dawowa. Abin yi shi ne a rubuta sharuɗɗan sulhun, su biyun su sa hannu da shaidu, a kai wa alƙali ya mai da su hukunci. Sannan a je gonar da mai unguwa a kafa alama, a dasa gamba ko bini-da-zugu a kan iyakar. Sulhun fatar baki shi ke tashi da faɗuwar ruwan farko.

Almajirin Zaure: Allah ya gafarta Malam, kada dai a mai da karin maganar abin ƙi. Aya ta 16 a Suratul Anfal ta hana juya baya a fagen fama, amma ta keɓe mai karkata don dabarar yaƙi da mai komawa ga rundunarsa. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Khalid ɗan Walid ya janye da rundunar mutum dubu uku bayan kwamandoji uku sun yi shahada. Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, a shekarar aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Wa zai kira waɗannan tsoro?

Malamin Nahawu: Ba wanda ya kira su tsoro, ɗan'uwa. Amma duk misalanka an koma an kara. Hujja ka ƙara wa wan.

Hajiyar Ƙofar Mata: Ku tsaya ku ji yadda kakata, Allah ya jiƙanta, take ba da labarin. Wai wani mai gari yana da rago da ba a taɓa kayar da shi ba, har laya aka rataya masa. Sai wani baƙo ya zo da nasa, aka haɗa su a filin da ke kusa da marina. Karon farko ragon mai gari ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ya ja baya, fadawa suka ce shiri yake. Ya ƙara ja, maroƙi ya ce yau baƙo zai kwashi nama a ƙasa. Yana ja ana guɗa, yana ja ana guɗa, har ya afka karofi tsamo-tsamo cikin baba. Da igiya marina suka zaro shi, ya fito shuɗi fes, sai da aka yi wata biyu ana kiransa Ɗan Kura, sunan rawanin nan da ake rinawa da baba. To ita in ta ga mutum yana ta cewa yana shiri ne, shekara na zagayowa, sai ta ce, "A dai duba bayansa, akwai karofi." Har ta rasu ba ta yarda a faɗi karin maganar a gabanta ba a haɗa da wannan ba.

Mai Shayi: Hajiya, wannan ragon yana raye, takara yake yi! Ran zaɓen fid da gwani ya ce ya janye don haɗin kan jam'iyya, bayan sati biyu sai ga fostarsa da wata alama. Ya shiga karofi fari ya fito da launin sabuwar jam'iyya.

Ɗan Acaɓa: Namu kuwa tun da aka rantsar da shi yake ja da baya daga mazaɓarsa, yanzu ya kai Abuja. Muna jiran karon, wataƙila sai an buga gangar zaɓe.

Mai Kiwo: Hajiya, a gafarce ni, amma ragon labarin nan ya riga ya karaya tun karon farko. Mai niyyar karo ba ya wuce inda zai iya auna abokinsa.

Hajiyar Ƙofar Mata: To ai shi ne, ɗana. Fadawan ma sun gani, wa zai faɗa wa mai gari?

Lauya: Da kawun ya ce "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne" fa?

Ɗan Gwale: Haba Barista, ya kira babban wa wada a gaban dattawa? Ai da sanduna sun fito.

Almajirin Zaure: Ni a wajenmu na ji masu cewa ba ragon layya ake nufi ba, raggo ne, wato malalaci, wai shi ja da baya ɗabi'arsa ce.

Malamin Nahawu: A rubuce ne kawai suke rikicewa. Na turke ana jan wasalinsa na farko, jam'insa raguna. Ɗayan gajeren wasali ne, jam'insa ragwaye, macensa raguwa. Ban taɓa jin dattijo ya faɗi karin maganar da na biyun ba. Wane gari ne wajen naku?

Mai Shayi: Ku bar shi, wataƙila mazaɓarsu ɗaya da Ɗan Acaɓa. Ɗan Gwale, yanzu wa zai noma gonar bana?