Gwauron Ilektron a Cikin Roba

Mai wayarin mota, Suame Magazine (unguwar makanikai a Kumasi, Ghana):
Salamu alaikum. Wata magana ta hana ni barci, ga ta a waƙe.

Shekara talatin ina feren waya,
Jan ƙarfe a ciki, roba a baya,
Ita ke kare hannuna daga shan wuya.
Yau an ce wata roba na ɗaukar wuta,
Har maganaɗisu na jin motsinta.
To ina ƙarfen da ke cikinta?

Ɗalibar kimiyyar sinadarai, jami'ar KNUST da ke Kumasi:
Sannu da aiki, Kawu.

Ba robar wayarka ba ce, Kawuna,
Poliasetilin ce, ga ta da suna,
Sarƙar kabon mai sheƙin azurfa a rana.

Masanin sinadarai Shirakawa ne ya fitar da ita falle a Tokyo. A 1977 shi da Heeger da MacDiarmid suka turara mata aidin, wutar da take ɗauka ta ninku sau miliyoyi. A 2000 aka ba su kyautar Nobel.

Ilektron ɗan maganaɗisu ne shi ɗaya,
Amma bibbiyu suke zama, ango da amarya,
Wannan kai sama, wancan ya juya,
Ƙarfinsu ya kashe juna gaba ɗaya.
Aidin ya shigo ya ɗauke ɗaya,
Gwauro ya rage a sarƙa, babu abokiya.
Polaron ke nan, da caji da juyi, wato ɗan maganaɗisunsa, yake tafiya,
Shi maganaɗisu ke ji, babu ƙarya.
Gwauraye biyu in sun haɗu a hanya,
Bipolaron ne, caji biyu, juyi ya ɓuya.

Malamin kimiyya mai ritaya, unguwar Aboabo a Kumasi:
Madalla 'yata, Allah ya ƙara basira. Amma tambayar Kawunki kan ƙarfe tana da nauyi, a nan nake ji wa ɗalibai tsoro.

Polifirol, wani nau'in robar mai ɗaukar wuta, in za a haɗa shi,
Sau da yawa gishirin ƙarfe ake zuba mishi.
In ba a wanke ba, saura na cikinshi,
Sai a yaba masa jan da ba nashi.
A fara neman ƙarfen, a raba shi da shi,
Sannan a sanyaya, a saurare shi.
In sanyi ya ƙara ja, masani Curie ya faɗe shi,
Gwauraye ne, kowa zaune a ɗakinshi.
In zafi da sanyi ba su canza shi,
Jan da masani Pauli ya faɗa ne, ilektron na ta yawo a jikinshi.

Mai wayarin mota:
Malam, ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi.

Na gane gwauro, na gane amarya,
Ga maganaɗisun lasifika nan na ajiya,
'Yata, zai kama robar nan in na miƙa shi gaba ɗaya?

Ɗaliba:
Ba za ta manne ba, jan ɗan kaɗan ne,
Hannu ba ya ji, Kawu, haka ne,
Na'urar ESR ta ɗakin gwaji ce mai kunne,
Ita ke ƙirga gwaurayen da ke zaune.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan biyo ta Suame da garin polianilin kaɗan, shi ma nau'in roba ne mai ɗaukar wuta, kore ne shar mai duhu. Ka ajiye min maganaɗisun nan, mu gwada tare a kan teburinka.