Wace kalma za mu ba "reasonable doubt"?

1/ Daren jiya musu ya kaure a majalisarmu ta Tudun Wada kan shari'ar Manjo Hamza Al-Mustapha. Wani ya ce kotu ta wanke shi tas, wani ya ce a'a, sakinsa dai aka yi. Na buɗe baki zan raba gardama, sai na tarar ba ni da kalmar. Abin da lauyoyi ke kira "reasonable doubt", me sunansa da Hausa?

2/ Ga waɗanda ba su riski zancen ba: an harbe Kudirat Abiola, matar ɗan siyasa M.K.O. Abiola, a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996. A Janairun 2012 babbar kotun Legas ta yanke wa Al-Mustapha, tsohon babban dogarin Janar Abacha, hukuncin rataya kan kisan. A Yulin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta sallame shi. Manyan shaidun gwamnati, Sajan Rogers da Katako, sun ba da shaida, suka dawo suka lashe amansu a gaban kotu.

3/ A rediyo na fi jin "sai an tabbatar da laifi ba tare da wata shakka ba". Da daɗin ji, amma ta wuce gona da iri. In sai an kore kowace irin shakka, to babu wanda za a taɓa ɗaurewa. Ko wanda aka kama da wuƙa tana ɗigar jini, ba a rasa mai cewa wataƙila tsintarta ya yi. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 bai ɗora wa mai gabatar da ƙara wannan jidalin ba.

4/ Kokwanto da tantama duk 'yan ɗaki ɗaya ne da shakka, ba su faɗi nauyinta ba. Waswasi kuwa, irin na mai sake alwala sau uku don yana jin bai wanke gwiwar hannu ba, shi ne ainihin abin da kotu ke watsarwa.

5/ Wani malami da muke zama tare ya gyara rawani ya ce, "Yaro, mun riga su. Shubuha ce, da ita ake tunkuɗe haddi." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a littafi haka ne." Amma a Kasuwar Barci in ka ce abu da shubuha, kuɗi ko naman da ba a san halaccinsa ba ake nufi. Ka ce a labarai "an sake shi saboda shubuha", rabin gari zai ɗauka alƙali ne ya karɓi na goro.

6/ "Shakka mai ma'ana" tana warin Turanci. Ni dai na tsaya a kan shakka mai tushe. Dama mun saba cewa zance ba shi da tushe balle makama. Shakka mai tushe ita ce wadda za ka nuna asalinta da yatsa: shaida ya ce duhu ne, ba wuta, amma ya faɗi launin hular wanda ya yi harbin. Ko ya faɗi magana ɗaya a caji ofis, ya faɗi wata a kotu.

7/ Ku ɗanɗana ta a jimla: "Mai gabatar da ƙara bai kawar da shakka mai tushe ba, don haka aka sallami wanda ake tuhuma." Jimlar ba ta ce bai yi ba, ba ta ce ya yi ba. Shi ya sa a Amurka aka sallami O.J. Simpson, ɗan wasan da aka tuhuma da kashe tsohuwar matarsa da abokinta, a 1995, amma a 1997 da iyalan mamatan suka nemi diyya, inda rinjayen hujja kawai ake dubawa, aka ce ya biya dala miliyan 33.5.

8/ Malam dai bai sauka daga kan shubuha ba, ya ce gobe zai zo da littafi. Kafin nan, tafintocin kotunan Kaduna, idan alƙali ya furta kalmar nan, wanda ake tuhuma yana tsaye cikin akwati yana kallon bakinku, me kuke ce masa?