A karɓe wayoyin 'yan mata? Muhawarar iyayen unguwa a Garwa

Alhaji Sani: Assalamu alaikum. Kowa ya ji labarin yarinyar nan da ake yawo da bidiyonta tun ranar Juma'a. Ba zan ambaci gidansu ba, Allah ya rufa asiri. Maganata ɗaya ce: duk uban da ya saya wa 'yarsa babbar waya kafin aure, shi ya jawo. A karɓe wayoyin 'yan mata, a bar musu 'yar ƙarama mai tocila. In kun amince mu kai wa liman ya sanar.

Goggo Asabe: Wa alaikumus salam. Alhaji ka gama magana. Yarinya ta shige ɗaki ta ja ƙofa, sai hasken waya har asuba, uwarta na waje tana cewa ai karatu take.

Bala mai gyaran waya: Baba Alhaji, a yi mini afuwa. Wayoyin unguwar nan ta hannuna suke bi in sun lalace. Ba zan tona wa kowa asiri ba, amma fina-finan batsa ba a wayoyin 'yan mata suka fi yawa ba. Na samari ne, da na magidanta. Kuma ba sai da data ba. Katin memori ɗaya ya isa aji guda, a tura ta Bluetooth ko Xender a bayan makaranta, ba a kashe ko dala ba. Ƙananan yara kuwa a wayar baba suke fara gani, in an miƙa musu su yi wasa.

Alhaji Sani: Bala, namiji ya kalla ya yi zunubi, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma ba bidiyon namiji ake yawo da shi yau ba.

Malama Rakiya: Alhaji, ba a yawo da na maza ne saboda suna biya su yi shiru. A lise, wato makarantar sakandare, ina ganin iri biyu. Ga yarinya: wani ya shigo mata ta Facebook ko TikTok, ya yi wata guda yana yabonta, ya tura mata kuɗin data, ya yi alkawarin aure, sannan ya nemi hoto "don ya san ta yarda da shi". Da hoton ya shiga hannunsa sai murya ta canza, ko ta ƙaro wani, ko ta same shi a ɗaki, ko ya tura wa babanta. Ga yaro: hoton wata kyakkyawa ne zai gaishe shi, alhali ƙato ne a bayan hoton. Kafin gari ya waye an naɗi tsiraicinsa, an ce ya turo kuɗi ta waya. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya rufe shafuka kusan 63,000 na Instagram a Najeriya saboda wannan sana'a, kuma yawancin waɗanda ake farauta maza ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jarin mutanen nan tsoron mu iyaye ne. Yarinya ta san in ta faɗa, duka za ta sha, a cire ta daga makaranta, wataƙila a aurar da ita cikin wata guda. Sai ta zaɓi ta bi umarnin mugu. In muka karɓe wayoyi, saurayi zai saya mata wata a ɓoye, kuma ranar da abin ya ɓaci ba za ta iya buɗe baki ba, tunda wayar ma laifi ce.

Alhaji Sani: To gwamnati ta toshe shafukan gaba ɗaya mana. MTN, Orange da Camtel ai a hannunta suke.

Ɗanjuma direba: Alhaji, ina jigilar kaya zuwa Kusiri da Injamena lokacin da Cadi ta toshe WhatsApp da Facebook, daga Maris 2018 har Yuli 2019. Dattawa ne suka sha wahala, ba su iya tura wa 'yan uwa saƙo ba. Yaran kuwa duk sun koyi VPN, manhajar tsallake toshewa. Toshewar ma don siyasa aka yi ta, ba don tarbiyya ba. Ni ina tsoron mu miƙa wa hukuma wannan mabuɗi da hannunmu.

Aminu: Ko Ingila da ta tilasta tantance shekarun masu shiga shafukan batsa a Yulin 2025, nan take mutane suka yi rububin sauke VPN. Ban ce matakin banza ba ne, yana tare ƙaramin yaro da zai faɗa ciki bisa kuskure. Amma Baba, doka muna da ita a nan Kamaru. Dokar 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet ta yanke ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya haɗa ko ya yaɗa batsar da ta shafi ƙananan yara. A Yulin 2023 kuma aka ƙara dokar kare yara a intanet. Akwai hukumar ANTIC mai kula da tsaron intanet, akwai jandarma. A lura, dokar ta haɗa da mai yaɗawa. Bidiyon nan wajen mutum uku ya zo mini, duk manya, kowa ya rubuta "innalillahi, ku ga yadda zamani ya lalace" a ƙasansa.

Goggo Asabe: Ai don a ja kunnen iyaye ne ake turawa, ɗan nan.

Malam Iliyasu: Goggo, ba a wanke najasa da fitsari. Suratun Nur, aya ta 19, ta yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, kuma mai turawa yana ciki ko da kuka yake yi. Duk wanda yake da shi ya goge yanzu. Sannan Alhaji, a surar nan aya ta 30 maza aka fara umarta da runtse ido, mata suka biyo a ta 31. In za mu je wajen liman, kada mu juya jerin.

Goggo Asabe: Na ji, Malam, na goge. Amma ku 'yan boko kada ku mai da ni marar hankali. Yarinya 'yar shekara 13 me za ta yi da TikTok? Kun yi ta kawo dalilin da ya sa komai ba zai yiwu ba, ba wanda ya ce ga abin da uwa za ta yi yau da daddare.

Malama Rakiya: Goggo, a nan ina bayanki. 'Yar 13 ba ta bukatarsa, ɗan 13 ma haka. A gidana wayoyin yara a ɗakina suke kwana, na maza da na mata, kuma na san lambar buɗe kowacce. Na kuma rantse musu cewa duk wanda aka yi wa barazana da hoto ya zo ya faɗa mini, ba zan taɓa shi ba sai mun gama da mai barazanar. Kada a biya ko sisi, don wanda ya biya sau ɗaya ya zama saniyar tatsa. Kada kuma a goge saƙonnin barazanar da lambar mutumin, su ne shaida.

Hajiya Mairo: Ina aure a Injamena a 2016 lokacin da wasu 'ya'yan manya suka yi wa wata ɗaliba fyaɗe suka sa hotunanta a intanet. Sun ɗauka kunya za ta rufe bakin danginta. Yarinyar ta fito ta yi magana, ɗalibai suka cika titi, kotu ta ɗaure su. Mu a nan kwana uku muna maganar wayar yarinya, ba wanda ya tambayi wa ya ɗauki bidiyon, wa ya fara sakinsa.

Bala mai gyaran waya: Duk mai so ya kawo wayar yaronsa ranar Lahadi in saka masa manhajar Family Link, kyauta. Yana taƙaita abin da za a sauke da lokacin da waya za ta kulle. Ba ya hana turi ta Bluetooth, na faɗa tun yanzu.

Alhaji Sani: Ni dai a gidana 'ya mace ba za ta riƙe babbar waya ba, ban sauya ba. Na samarin zan aiko maka da su, Bala. Malam, bayan la'asar mu je wajen liman tare, kai za ka yi bayanin ayoyin.

Hajiya Mairo: Malama Rakiya, in kin taso daga makaranta ki biyo ta gidana mu je wajen uwar yarinyar. Aminu ka zauna kusa, in sun yarda a shigar da ƙara kai za ka raka baban.