Me ke sa ƙaramar motar wasanni mai buɗaɗɗen rufi ta yi nauyi?

Ɗan Kwana:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da ƙananan motocin wasanni waɗanda ake naɗe rufinsu a bar sama a buɗe, kuma ina fatan masana cikinmu za su warware mini shi. A hankalce, motar da aka cire wa rufi ya kamata ta fi 'yar'uwarta mai rufi rashin nauyi, amma alƙaluman da kamfanoni ke bugawa sukan nuna akasin haka. Peugeot 206 da muka saba gani a titunanmu ba ta wuce kilo 1,000 da yawa ba, amma 206 CC, wadda rufinta ke naɗewa ya shige but, ta fi ta da sama da kilo 100. Sannan ko a tsakanin masu kujera biyu tazarar tana da faɗi ƙwarai: Lotus Elise ta farko kilo 725 ce, Mazda MX-5 tana wajen kilo 1,000, BMW Z4 zubi na uku kuwa ta haura 1,400, alhali kowaccensu mutum biyu kawai take ɗauka. Shin girman injin ne ke kawo wannan bambanci, ko irin ƙarfen da aka yi bodin da shi, ko kuwa dokokin kare lafiyar fasinja?

Injiniyan Shasi:

Wa alaikumus salam, Malam. Tushen amsar shi ne aikin rufin mota bai tsaya ga tare rana da ruwa ba. Shi ne ke ɗaure gaban mota da bayanta ta sama. Ka ɗauki kwalin da aka rufe aka liƙe, ka yi ƙoƙarin murɗa shi, za ka ji ya ƙi. Ka yanke samansa ka sake gwadawa, nan take zai lanƙwashe. Yawancin motocin zamani ba su da shasi daban, bodin ne kansa shasin, saboda haka idan aka cire rufi da ginshiƙan da ke riƙe da shi, motar takan riƙa murɗewa a kan gargada, sitiyari da gilashin gaba su riƙa karkarwa, ƙofofi kuma su daina zama daidai.

Maganin da masu ƙera mota ke yi shi ne su mayar da ƙarfin da aka rasa a sama zuwa ƙasa. Sukan ƙara kaurin dokin ƙofa na ɓangarorin biyu, su gitta ƙarafa a ƙarƙashin daɓen motar, su ƙarfafa bangon da ke bayan kujeru, sannan su cusa bututun ƙarfe mai tsananin ƙarfi a cikin ginshiƙan gilashin gaba, domin su ne za su ɗauki nauyin motar idan ta kife. Wannan ƙari yakan fi rufin da aka cire nauyi, dalili kuwa shi ne ƙarfen da aka shimfiɗa ƙasa-ƙasa ba ya hana murɗewa kamar wanda ke can sama nesa da daɓe, don haka dole a zuba shi da yawa.

A nan ne ya kamata a raba motocin gida biyu. Akwai wadda aka zana da rufi daga baya aka yanke, irin 206 CC, akwai kuma wadda tun a takarda aka zana ta a buɗe. Ta biyun ba ta biyan wannan tara mai yawa. Honda S2000 ta 1999 an gina ta ne a kan wani ƙashin baya mai tsawo da ya ratsa tsakiyar motar ya haɗe ƙarafan gaba da na baya a layi ɗaya. Porsche ta fara fitar da Boxster a buɗe a 1996, sai a 2005 ta ɗora mata rufi ta kira ta Cayman, shi ya sa nauyin biyun yake kusan ɗaya.

Shi ma rufin da ke naɗewa yana da nasa kason. Na yadi da ake ja da hannu ɗaya, kamar na MX-5, shi ne mafi sauƙi. Da zarar an ce rufin ƙarfe ne mai naɗe kansa, to sai an sa masa injinan lantarki ko famfon mai, da hannuwa, da makullai. MX-5 RF mai irin wannan rufi ta fi mai rufin yadi da kilo 40 zuwa 50, kuma abin da ya fi damuna da shi shi ne nauyin yana zaune ne a sama, inda ya fi cutar da mota a kwana.

Tsohon Bakanike:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa a kan 206 CC, amma da izininsa, ina ganin bayanin rufi bai isa ya amsa rabin tambayar na biyu ba, domin Elise da MX-5 da Z4 duk a buɗe aka zana su, amma ta ƙarshe ta kusa ninka ta farko a nauyi. Abin da ke raba su shi ne nauyi yana haifar nauyi. Idan ka zaɓi babban inji, sai ya nemi giyabos mai ƙarfi, da babban lagireto, da tankin mai mafi girma. Gudun da zai yi kuma sai ya nemi manyan birki da faffaɗan tayoyi. Waɗannan su ma sai sun sami ƙafafu da shasin da za su iya da su. Daga nan motar ta yi nauyin da sai an sake ƙara wa injin ƙarfi. Wanda ya fara da ƙaramin inji yana bin wannan hanya ne ta baya.

MX-5 ce misalin da ya fi nuna haka, saboda an yi ta zubi huɗu. Ta farko ta fito a 1989 da injin lita 1.6, nauyinta bai kai kilo 1,000 ba. Ta uku, ta 2005, ta haura 1,100. Da Mazda ta zo yin ta huɗu a 2015 sai ta rage tsawon motar har ta fi ta 1989 gajarta, ta yi bonet da murfin but da fuka-fukan gaba da alminiyom, ta bi kowane ƙaramin kaya tana rage giram-giram. Saboda motar ta yi sauƙi, noti huɗu suka isa riƙe kowace taya maimakon biyar da ta uku ke da su. Mafi sauƙin samfurinta mai injin lita 1.5 a Japan ya tsaya a kilo 990, tare da jakunkunan iska masu kare fasinja lokacin haɗari da na'urar hana zamewa da duk abin da dokokin yanzu suka wajabta. Wannan ne ya sa ba na yarda idan aka ɗora wa doka laifin komai. Gaskiya ne ƙarafan cikin ƙofa da sauran kayan kariya suna da nauyi, amma faɗin mota da kayan jin daɗi sun fi su.

Game da irin ƙarfe, alminiyom yana da kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin baƙin ƙarfe, sai dai taurinsa ma kusan kashi ɗaya bisa uku ne, don haka ba a samun ribar duka sai an canza siffar kayan. Abin da Lotus ta yi a Elise ta 1996 ke nan: ta haɗa shasin da faffaɗan sandunan alminiyom waɗanda aka liƙe da gam maimakon walda, shasin ya tsaya a wajen kilo 68, aka lulluɓe shi da bodin faiba. Amma mai ita ya biya da jikinsa, domin dokin ƙofar yana da tudu da faɗi har shiga motar sai da dabara, sitiyarin ba shi da na'urar taimako, cikin motar kuma kusan ƙarfe ne tsirara.

Wani lokaci ma doka ce ke rage nauyi. A Japan akwai rukunin ƙananan motoci da aka ƙayyade wa tsawo da faɗi da injin da bai wuce cc 660 ba, daga nan ne Honda Beat mai kilo 760 da Suzuki Cappuccino mai kimanin kilo 700 suka fito a 1991.

Ɗan Kwana:

Na gode, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya: me ya sa mota guda nakan ga an rubuta mata nauyi iri biyu ko uku a wurare dabam-dabam?

Mai Bin Alƙaluma:

Malam, ma'aunan ne ba ɗaya ba. Akwai busasshen nauyi, wato mota ba mai, ba ruwa, ba baƙin mai, wanda ƙananan kamfanonin motocin wasanni suka fi son ambata saboda ya fi daɗin ji. Akwai ma'aunin Jamus, wanda ke lissafa motar da duk ruwayenta da tankin mai cike kashi 90 cikin 100. Ma'aunin Tarayyar Turai kuma yana ƙara kilo 75 a kan wannan a madadin direba. Litar fetur tana kusan kilo 0.75, saboda haka tankin lita 45 shi kaɗai ya haura kilo 30, kuma tsakanin busasshen nauyi da na Tarayyar Turai za a iya samun fiye da kilo 100 a mota ɗaya. Ga kuma bambancin samfuri, domin giyar otomatik, da na'urar sanyaya ciki, da manyan ƙafafun taya duk suna ƙara nasu. A babbar jif wannan ba abin lura ba ne, amma a motar kilo 800 kowane kilo 80 kashi goma ne cikin ɗari.

Zan ƙara da batir, tunda shi ne yanzu ke neman rinjayar duk abubuwan da dattawa suka lissafa. Tesla Roadster ta 2008 ta samo asalin shasinta daga Elise, an yi mata bodi da zaren kabon mai tsada don a rage nauyi, amma duk da haka ta haura kilo 1,200, saboda batirinta shi kaɗai ya kai kimanin kilo 450. MG Cyberster ta lantarki, ita ma mai kujera biyu da rufin yadi, ta doshi tan biyu, wato kusan nauyin MX-5 guda biyu.