Kayan fara ɗaukar waƙa a ɗaki: me zan fara saya?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum. Ina so in fara ɗaukar murya da jita a ɗakina. Laftof nake da ita mai RAM 8 GB, kuɗina kuma ba za su ishi komai a tashi ɗaya ba. Me ya kamata in sa a gaba? An ce kondensa ce makirufon sitidiyo, haka ne?

Mai_Sauti:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da intafes, wato akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta. Tunda murya da jita ne, nemi mai ƙofa biyu kamar Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, don ka ɗauki duka biyun lokaci guda, kowanne a layinsa. Sai wayar XLR (wadda ke haɗa makirufo da intafes), sandar makirufo da hedifon mai rufaffen baya irin Sony MDR-7506 ko ATH-M40x. Mai buɗaɗɗen baya yana yoyon kiɗa, makirufo ya kwashe shi tare da muryarka.

Batun kondensa, ɗakinka ne zai yanke hukunci. Kunnenta ya cika kaifi: fanka, takun mai wucewa, amsa-kuwwar bango, duk za ta haɗa. In ba a gyara ɗakin ba, makirufon dainamik irin Shure SM58 ta fi rufin asiri, domin kusa da baki ake riƙe ta, murya ta danne hayaniyar ɗaki. Lasifikokin sitidiyo su jira tukuna.

Injiniya_B:
Malam Mai_Sauti ya yi gaskiya, sai dai ban yarda a kori kondensa gaba ɗaya ba. Ga jitar da ba ta lantarki ba, kondensa irin AT2020 ta fi fito da zaƙin tsirkiya. Abu biyu ne ke kayar da sababbi a kanta. Ba ta aiki sai an danna maɓallin 48V na jikin intafes, wanda ke ba ta wuta, kuma a jona waya kafin a danna shi. Sannan ta gefe take ji, ɓangaren da ke da tambari. Wanda ya rera ta samanta zai ji muryarsa kamar daga cikin rijiya. Ka sa matatar iska a gabanta, ka ja baya santimita 15 zuwa 20.

Manna kiret ɗin ƙwai a bango don rage amsa-kuwwa kuwa ɓata lokaci ne. Siririn soso ma siririyar ƙara kawai yake sha, ya bar maka ƙugin ƙasa. Rockwool, wani abu kamar auduga da ake yi da dutse, mai kaurin santimita 10 a cikin firam, a lulluɓe da yadi, shi ne ke aiki. Kafin ka samu, rataya bargo mai kauri a bayanka, ka kuma guji tsayawa a kusurwa.

Hajiya_Mix:
Ƙanena, laftof ɗinka za ta yi, in dai SSD ce a ciki. Reaper, manhajar ɗaukar sauti, ba ta da nauyi. A Windows ka sauke direban ASIO na kamfanin intafes ɗin, wato manhajar da ke sada shi da kwamfuta, in ba haka ba muryarka za ta riƙa dawo maka a makare. Sa bafa (saitin da ke rage ko ƙara jinkirin sauti) a 128 lokacin ɗauka, ka ɗaga zuwa 512 ko 1024 in za ka tace. Ɗauki a 24-bit, 48 kHz, ka saita ƙarfin shiga yadda wuri mafi ƙara zai tsaya wajen -12 dB. Da zarar ya taɓa 0 sautin ya fashe, gyara shi kuma wahala ce.

In ka ji wata tsuwa, zare cajar laftof ka saurara. In ta ɗauke, daga wutar ce, makirufonka lafiya lau yake.