Shawarwarin da aka bayar kan gyaran ƙungiyar manoman shinkafa

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar manoman fadamar Argungu:

1. Kusan kowa ya yarda kuɗin ƙungiya su bar aljihun ma'aji. A buɗe asusu a banki, mutum uku su riƙa sa hannu, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Nan aka fi daɗewa, kuma ya dace, don rashin lissafi ke raba kan 'yan'uwa.
2. A sayi taki da iri a dunƙule kafin noman rani ya kankama.
3. Wa'adin shugabanci ya raba kawuna. Matasa sun ce shekara 2, dattawa sun ce a bar mai amana ya ci gaba.
4. Masu tuna shirin Anchor Borrowers na 2015 (shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoma bashi) sun ce kada a ci bashi sai an rubuta sunan kowa da girman gonarsa.