Yaya ake shiga makarantun horar da matasan direbobin Formula 1?

Mai Son Tsere:
Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana cewa wane ɗan makarantar Ferrari ne, wane kuma Red Bull ta rene shi. Kuɗi ake biya a shiga, ko su ke zaɓar yaro? Daga shekara nawa ake ɗauka? Kuma idan an ɗauke shi, kujerar F1 ta tabbata ke nan? Masana a taimaka.

Bakanike:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu fom, babu aji. Kwantiragi ne ake ƙullawa da yaron da iyayensa, kuma ba sa ɗaukar ɗan koyo. Sai wanda ya riga ya nuna kansa a tseren kart, ƙananan motocin nan marasa rufi. Yara kan fara da injin 60cc tun suna shekara 7 ko 8, su koma ajin OK-Junior wajen shekara 12. Masu farautar yara sun fi zuwa gasannin WSK a Italiya, a filaye irin su Lonato da Sarno, da gasar Turai da ta duniya ta FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya. McLaren ta ɗauki Hamilton a 1998 yana da shekara 13. Mercedes ta ɗauki Kimi Antonelli a 2019 yana da 12.

Daga kart sai F4, wadda ba a shiga sai an cika 15, sannan Formula Regional, F3, F2. Injin F3 yana da ƙarfin doki 380, na F2 kuwa 620, kuma sitiyarin F2 ba shi da na'urar sassauta nauyi, da ƙarfin damtse ake juya shi.

Abin da makarantar ke yi masa shi ne ta zaɓa masa ƙungiyar da zai yi wa tsere, ta ba shi mai horar da jiki, ta zaunar da shi a na'urar kwaikwayon tuƙi, injiniyoyi su buɗe masa bayanan motarsa su nuna masa inda ya taka birki da wuri da inda ya cinye taya. Wuya ake fi wahalar da shi a kai, domin a birki mai tsanani kan direban F1 da hularsa kan yi nauyi kamar sau 5. Wanda wuyansa bai ƙwari ba, kansa zai riƙa faɗuwa a kwana, ya daina ganin inda ya dosa.

Malam Lissafi:
Bakanike ya yi bayani, amma a ƙara da maganar lasisi, don a nan yara da yawa ke maƙalewa. Ba a tuƙa F1 sai da babban lasisin FIA, kuma yana buƙatar maki 40 da aka tara cikin shekara 3. Na ɗaya zuwa na uku a F2 kowa yana samun 40 cif. Zakaran F3 yana samun 30, na Formula Regional ta Turai 25, na F4 kuwa 12. Ana kuma son ya cika shekara 18, ya ci jarrabawar dokoki, ya yi aƙalla kilomita 300 a motar F1 da gudun tsere. An ɗaura wannan tsari ne bayan Verstappen ya shiga F1 a 2015 yana da 17. A 2024 aka ɗan sassauta, FIA tana iya ba ɗan shekara 17 idan ta gamsu da shi.

Saboda haka makaranta mai hankali da alƙalami take tsara wa yaro gasanninsa. Idan aka gaggauta kai shi F2 ya ƙare can ƙasa shekara biyu, tsofaffin makinsa na F4 sun fita daga lissafi, sababbi kuma ba su shigo ba. Colton Herta yana cin tsere a gasar IndyCar ta Amurka lokacin da Red Bull ta so kawo shi F1 a 2022, amma makinsa 32 ne, FIA ba ta ɗaga masa ƙafa ba. Atisayen farko na ranar Juma'a kafin tseren F1 ma yana ba da maki 1 idan ya yi kilomita 100 ba laifi, wannan yana cikin dalilan da kake ganin ana ba matasa mota a wannan zaman.

Mai Son Tsere:
Na gode ƙwarai, Malam. To kuɗin fa, duka kamfanin ke biya?

Bakanike:
Ba kullum ba. Wani a biya masa duka, wani rabi, wani sunan da horon kawai yake samu, iyaye da masu ɗaukar nauyi su nemo sauran. Kakar F2 guda takan haura Yuro miliyan 2, kuma ɓarnar haɗari sau da yawa a kan direba take. Shekarun kart kuwa, kafin kowa ya san yaron, aljihun uba ne kaɗai. Wannan ne ya fi damuna a harkar, domin yaro mai baiwa da ba a iya kai shi Italiya ba, babu mai ganinsa.

Hajiya Mai Bibiya:
Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙarshe ba a amsa ba. Kujera ba ta tabbata. Ƙungiyoyi kaɗan ne, kowace mota biyu gare ta, kuma tsofaffin direbobi ba sa saurin sauka. Ga doka cewa wanda ya ci kofin F2 ba zai sake komawa cikinta ba. Piastri ya ci F3 a 2020, ya ci F2 a 2021, ya zauna benci a Alpine duk 2022, har ya koma McLaren bayan rigimar kwantiragi da aka yanke wa McLaren gaskiya. Drugovich da ya ci a 2022 da Pourchaire da ya ci a 2023 ba su samu kujera a shekarar da ta biyo baya ba.

Red Bull, wadda ta kafa shirinta a 2001 ƙarƙashin Helmut Marko, ta fi kowa fitar da yara saboda tana da ƙungiya ta biyu da take gwada su, amma ta fi kowa saurin sallama. Ta saki Albon a 2012, sai 2019 ya dawo hannunta. Ferrari ta buɗe tata a 2009, Leclerc ya shiga a 2016, kuma sai da aka ajiye shi a ƙungiyar Sauber a 2018 kafin a ba shi jar motar Ferrari. Iyaye su duba abu uku kafin sa hannu: shekara nawa kwantiragin zai ɗaure yaron, wane matsayi aka ce sai ya kai a kowace kaka, kuma idan kamfanin bai ba shi kujera ba zuwa wace rana yake da 'yancin tafiya wani wuri.